Mamudu, Maƙerin da Ya Ja da Garmani

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar motar Tasawa da sassafe ya san ƙarar nan ta ƙarfe a kan dutsen washi. Mamudu ne. Da ya sallame sallar asuba, tun mai shayi bai hura wuta ba, zai buɗe garajinsa, ya kwanto wuƙaƙen injin guda shida, ya jera su bisa buhu, ya wasa su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya gama sai ya gwada ta a farcen babban yatsansa. Daga nan ya zagaya injin yana dafa shi nan da can kamar mai taya jaki a kasuwa, ya ɗaure abin da ya saki, ya ɗiga baƙin mai inda ya bushe. Sai ya gama duk wannan yake karya kumallo. Shekara goma sha huɗu ke nan a haka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don wutar walda ta ci rabonta a idanunsa. Kafin ya ajiye ɗin ya kamata a faɗi abin da ya yi, tunda shi dai ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Injin nan wani poroje ne ya kawo shi, irin ayyukan taimakon nan da ke zuwa da fararen motoci. Aikinsa ya yanke ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya daga tushe, ya matse su, ya ɗaure dami-dami, a yi makamashi da su maimakon a riƙa sare gawo da kalgo. An yi taro, an sha lemo, an ɗauki hoto. Shekara uku poroje ya naɗe tabarmarsa, taraktar da ke jan injin ta mutu, shi kuwa injin aka bar shi gindin bedi awaki na haihuwa a ƙarƙashinsa. Mamudu ɗan maƙera ne gaba da baya, ba ya iya ganin ƙarfe na tsatsa ya wuce. Ya roƙi 'yan ƙungiyar manoma suka ba shi. Ya ɗora masa injin niƙa mai shan gazuwal, wato man dizal, ya ɗaura shi bayan wata tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi, ya fara yankan garmani a bakin gari.

Ga wanda bai san garmani ba, Allah ya sa kada ya san shi a gonarsa. Tsiro ne mai kara kamar itace, tsawonsa ya kai ƙugu. Saniya ba ta kallonsa, kuma inda ya sauka ciyawa ta yi sallama ke nan. Amfaninsa ɗaya: in ya bushe yana cin wuta kamar an zuba masa kananzir. Masu gidan burodi da matan ƙuli-ƙuli suka ɗanɗana, suka ce a ƙaro.

Wata ranar kasuwa sai ga wani dattijon Bafulatani a ƙofar garaji, sanda a kafaɗa. Liman sunansa, rugarsa na can arewa, wajen Alasan Mairairai.

"Kai ne maƙerin da aka ce yana da ƙarfe mai cin garmani?"

"Ni ne ubangidanka," in ji Mamudu, don tsakanin maƙera da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. "Ina nonon da ka kawo mani gaisuwa?"

Liman bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya ce garmani ya cinye makiyayarsu, saura wani kwari guda kusa da rijiya. 'Ya'yansa biyu, Mas'udu da Khalifa, sun ce za su kora shanu kudu, kuma ba tafiyar cin rani ba ce, tafiya ce ta ba dawowa. Ga mahaifiyarsa, wadda duk yankin ke kira Gwaggo, ta tsufa ba ta iya hawan takarkari, ta kuma rantse ba ta barin inda aka rufe mijinta.

"In na bi shanu na bar uwata," in ji Liman. "In na zauna da uwata, shanu su mutu ina kallo. Mi zan yi, maƙeri?"

Wasa ya tsaya nan. Bayan kaka, lokacin da karan garmani ya bushe ƙayau, kamar yadda masu poroje suka koyar kuma yadda masu burodi ke so, Mamudu ya tura motarsa har rugar Liman. Kwana arba'in ya yi yana yanka. Fili ya buɗe tas, mutum na hango rijiya daga bukka. Damman da aka ɗaure kuwa aka jibge su a cikin kwarin nan, don nan ne amalanke ke iya juyawa. Kowa ya yaba. Liman har ya yanka masa ɗan akuya.

Damina ta faɗi, sai murna ta koma ciki. Garmani ya dawo ya fi na da kauri. Abin da ya fi ciwo, kwarin da ya rage musu, wanda bai taɓa ganin garmani ba, ya fito da shi sai ka ce da hannu aka shuka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mamudu ya zo ya tsaya bakin kwarin. Gwaggo ce ta aiko a kira shi. Ya same ta zaune ƙofar bukka, an ajiye mata ragowar wani dami na bara. Ba ta ko amsa gaisuwarsa da kyau ba. Ta ɗauki faifai ta tara, ta ce ya girgiza damin a kai. Ya girgiza. Ƙananan 'ya'ya suka zubo yuuu, har suka rufe tsakiyar faifan.

"Ka gani, ɗan maƙera? Kai ka san ƙarfe, amma ba ka san ciki ba. Ka bari garmani ya haihu sannan ka yanka shi, ka kuma kwaso mana 'ya'yan har ƙofar gida. Ba yanka ka yi ba, shuka ka yi mana."

Kunya ta kama Mamudu, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ya koma Tasawa abokai suka ba shi shawarar da abokai kan bayar: ya ce iska ce, ya ce tsuntsaye ne, wa ya gani? Su kuma 'yan ƙungiya suka ce ya rufa wa injin asiri, kada a daina kiransa. Ina! Ranar Juma'a ya koma yankin su Liman, ya tsaya gaban maigari da jama'a bayan an sauko masallaci, ya ce, "Garmanin da ke cikin kwarin Liman ni na shuka shi. Ban sani ba na yi, amma ni ne. Ku ba ni lokaci in tuge abin da na shuka."

Gaskiyar ba ta tsayar da shanu ba. Kafin wata ya ƙare Mas'udu da Khalifa suka kora garke suka yi kudu, suka bar wa ubansu shanu bakwai na tatsa. Mamudu na nan tsaye sa'ad da suka wuce. Khalifa ko kallonsa bai yi ba.

Maganin dai Gwaggo ta riga ta faɗe shi: a yanka tun bai yi fure ba, wato tsakiyar damina. To, wa ya taɓa jin an yi itacen girki da damina? Mutanen Tasawa suka ce zafin walda ya taɓa wa Mamudu kai. Ga shi a lokacin gero ya rufe hanya hagu da dama, mota ba ta wucewa sai ta taka amfanin mutane. Ga ɗanyen kara na cushe injin, ya shaƙe ya mutu. Masu burodi kuma suka ce su ba su sayen hayaƙi.

Sai ya yi abin da har gobe makanikan garin ke ba da labari. Ya tsaga injin gida biyu. Ɓangaren yanka ya rage masa nauyi, ya sa masa ƙafafun amalanke, yadda bijimai biyu za su ja shi ta kowace siririyar hanya. Ɓangaren matsewa ya bar shi daban, sai karan ya sha rana ya bushe a inda aka yanke shi sannan a zo a ɗaure. Saura bijimai, don shanun Liman ba su san karkiya ba. Ya tafi Atantane wurin Rabilu, wani manomi da ya taɓa gyara wa garma, ya roƙe shi aron nasa da zarar an gama maimai, wato noma na biyu.

"Bijimaina su je su yi wa Bafulatani noma?" in ji Rabilu. "Duniya ta juya!"

Amma ya bayar, bisa sharaɗin shanun Liman su kwana gonarsa da rani su bar masa taki. Su kuma matan ruga, Gwaggo ta tashe su tsaye daga zaune: su bi duk inda burburwa da ƙarangiya suka rage, su sharo irin waɗannan ciyayi, a watsa bayan injin.

Shekarar farko, babu. Garmani ya sake fitowa daga 'ya'yan da ke kwance cikin ƙasa, Mamudu ya sake yankewa. Shekara ta biyu ciyawa ta leƙo nan da can, faɗin tabarma-tabarma. Ruwa ya sha dukansa a filin nan, zazzaɓi ya kwantar da shi sau biyu, wuƙa ta taɓa raba masa tafin hannu aka ɗinke a Mayahi, kwana tara ya dawo da hannun a naɗe. A damina ta uku Liman ya shiga kwarin, ciyawa ta kai masa gwiwa. Ya aika kudu. A ta huɗu, wata la'asar, aka ji kukan shanu daga wajen burtali. Waɗanda ke wurin sun ce Khalifa bai fara zuwa bukkar ubansa ba, sai da ya biya inda Mamudu ke kwance ƙarƙashin injin, ya tsuguna ya miƙa masa hannu biyu. A ranar Gwaggo ta sha nonon garken gidanta.

Mamudu, kai ne ka yi kuskure a gaban mutane, ka kuma gyara shi a gaban mutane. Mun ga masu ilimi da manyan takardu da suka ɓata abin da ya fi wannan, suka shiga mota suka tafi. Kai ka tsaya. Kai ne ka ɗauki gyara daga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sifana ba, ba ka ce mi ta sani ba. Ɗan maƙera, gagara tsatsa! Yau daga Tasawa har ƙauyukan Mayahi, duk mai son a yankar masa garmani ya san sai kafin fure, kuma da yawa ba su san daga bakin wa dokar ta fito ba. Gawon da ke tsaye a gonakinmu, wanda da tuni ya shiga tanderun burodi, da shi da inuwarsa duk suna yi maka addu'a. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sanyaya idanun nan, ya sa aikin ya tarar da kai a mizani.

Ku kuma masu sana'a, manya da ƙanana, ga abin koyi nan kusa da ku, ba sai kun je Yamai ba. Hannun da ke aiki shi ke ɓarna. In ta faru, a faɗa da baki, a koma a gyara.

Akwai abu ɗaya da ya hana Mamudu sakewa a 'yan watannin nan. Bara Gwaggo ta rasu, aka rufe ta kusa da mijinta kamar yadda ta so. Tun daga ranar mutane ke cewa igiyar da ta ɗaure Liman ta tsinke, yanzu kam zai bi 'yan'uwansa kudu, inda aka ce ciyawa ba ta ƙarewa. Mamudu bai tambaya ba, don yana tsoron amsar. Shi gani yake in suka tashi, to har yanzu kwarin nan bai yafe masa ba.

Makon jiya sai ga Liman a ƙofar garaji, ya zo da wata igiya mai ƙulli biyu. Ya ce awo ne, tsawo da faɗi. Ƙofar ƙarfe yake so, kuma yana son ta zama aikin Mamudu na ƙarshe.

Mamudu ya juya igiyar a hannunsa.

"Bafulatani da ƙofar ƙarfe? A bukkar kara za ka rataya ta, ko bisa takarkari?"

"Mun kwaɓa ƙasa, ɗaki uku," in ji Liman. "In ka gama ka zo da kanka ka kafa ta da siminti, maƙeri. Ba inda za mu."