Murfin Lens Ya Kusa Kunyata Ni a Sharada

Jama'a, hoton da na ɗauka ne ya zo na ɗaya a baje kolin sashenmu! Yanzu haka yana rataye a bakin ƙofar shiga, kowa ya zo wucewa sai ya ja birki. Babana da kansa ya zo gani, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a gabansa yana ta kallo. Amma kafin a kai nan na ci kwakwa, wallahi sai da na raina kaina. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, ko wani ya tsira daga abin da ya same ni.

A lokacin ina aji biyu a sashen aikin jarida, kuma ni ce uwar iyayi a ajinmu. Kowa na ɗaukar hoto da waya, ni kuwa na ce sai tsohuwar kyamara mai fim. Haka na zama 'yar bin 'yan gwanjo, duk inda aka ce an zube tsofaffin kaya ina can, ina tara lens, wato gilashin gaban kyamara, kamar yadda ƙawayena ke tara mayafai. Sarkinsu duka shi ne wanda na tsinta wajen wani mai gwangwan a Bompai, cikin akwati ɗaya da tsofaffin agoguna. Ɗan mitsitsi ne amma da nauyi, ƙarfe zalla. Yana kwaso wuri da faɗi, ka tsaya a lungun ɗaki ya ɗauko maka ɗakin gaba ɗaya, kuma ko haske kaɗan ne ya ishe shi. Kyamarar da yake hawa kanta tana da wani hali: ba ta cikin lens ake leƙawa ba, tana da 'yar tagarta daban a gefe. Ku riƙe wannan, a nan gizo ke saƙar.

Babana ya yi kusan duk rayuwarsa a wani kamfanin saƙa tabarmar roba a Sharada. Da tsadar wuta da ta dizal suka yi yawa, aka sanar za a rufe, a sayar da injina. Wata rana muna cin tuwo Baba ya ce abin da ke damunsa shi ne duk shekarun nan ba shi da hoto ko ɗaya a bakin injinsa, don dokar wurin ita ce kowa ya bar wayarsa a get. Ni kuwa bakina bai da birki, na ce ai an gama, ya bar min komai. Muka je neman izini, manajan kamfanin da ya ga kyamarar sai da ya yi dariya, ya ce wannan ko an bar ta ba ta san hanyar intanet ba, in shiga da ita, amma waya ta tsaya waje.

Ranar aiki na ƙarshe na shiga ina taku ɗaiɗai, ji nake babu ya ni. Dattawa suka jeru a bakin injinansu, mutanen Jigawa, mutanen Nijar, 'yan Challawa, suna ta yafe wa juna. Baba yana ta nuna ni yana cewa 'yarsa ce, a jami'a take. Kusa da shi akwai amininsa, wani dattijo ɗan wajen Maraɗi, wanda injinsu ke jere tun suna samari. Na leƙa ta 'yar tagar nan, komai tar, na yi ta dannawa har fim ya ƙare. Na yi wa kowa alƙawarin kwafinsa, har da cewa za su ga aiki.

Da muka wanke fim ɗin a makaranta ni da ƙawata, na ɗaga shi sama, sai na gan shi fes kamar ledar ƙanƙara. Babu mutum, babu inji, babu komai. Ƙawata ta dubi kyamarar da ke wuyana, ta dube ni, ta tambaye ni a hankali ko na cire murfin gaban lens ranar. Nan na tuna ban cire ba. Murfin baƙi ne, ƙarami, ya yi kama da jikin lens ɗin, ga hasken ɗakin ba yawa, dattawan kuma sun ɗauka haka abin yake. Tunda ta taga daban nake leƙe, ni ina ganin duniya, fim yana ganin duhu.

Faɗa wa Baba shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na durƙusa na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi Allah bai nufa ba, sai dai yana jin nauyin mutanen da ke kiransa suna tambayar hoto. Sannan ya ƙara da cewa an riga an fara kwance injinan.

Na yi kukana na share, na ari wayar Baba. In dai danna waya ne, nan ne gidana. Na bi lambobin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya, na faɗi gaskiyar abin da ya faru, na roƙe su su dawo. Waɗanda ba sa ɗauka na bi su a adaidaita, Zawaciki, Na'ibawa, har Hotoro. Wani dattijo ya yi dariya har da tari, ya ce zai zo ko don ya ga Hajiya Murfi da idonsa. Sunan ya bi ni har yau. Manaja ya ba mu safiya guda kafin a miƙa makulli. Lambar aminin Baba ce kaɗai ta ƙi shiga, ya riga ya koma gida.

Da muka shiga, ɗakin wayam. An yanke wuta, hasken da ke akwai sai wanda ke zubowa ta tagogin sama. Babu inji ko ɗaya, sai tabon baƙin mai da ramukan kusoshi a ƙasa. Na tsaya ina tunanin me zan ɗauka a nan. Tun kafin in tsara su, sai na ga kowane dattijo ya nufi tabonsa ya tsaya, wasu har hannunsu ya tashi daidai inda ya saba kamawa. Wani ya zo zai cike gurbin da ke kusa da Baba, Baba ya ce a'a, a bar wurin, da mai shi. Na ɗaga kyamara, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya: “Murfi! Murfi!” Na cire na miƙa wa Baba, ya jefa a aljihun gaba. Na buɗe idon lens ɗin har ƙarshe don haske ya shiga sosai, na manna bayana da bango, na riƙe numfashi, na danna. Tsohon ƙarfen nan bai ba ni kunya ba, ya kwaso su duka, da hasken, da tabon man, da gurbin nan.

Abin da na koya shi ne, abin da idonka ke gani ba lallai shi ne ke shiga fim ba, kuma ranar da ba ta maimaituwa ba ranar yanga ba ce. 'Yan uwana masu harkar tsofaffin kyamarori, kafin ku danna, ku juyo da ita ku kalle ta ido da ido. Ni na samu dama ta biyu, amma hoton Baba da amininsa a bakin inji ya tafi ke nan.

Kowa ya karɓi kwafinsa, saura mutum ɗaya. Nasa yana cikin ambulan a ɗakin Baba. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman masu 'yan uwa a wajen Maraɗi. In ya kai ga dattijon da ya yi saƙar tabarma a Sharada, a gaya masa kwafinsa na nan, kuma babu wanda ya tsaya a gurbinsa.