Jiƙaƙƙen Ɗankwali a Motar Lantarki

Mun baro Tsiga ke nan, esin motar lantarkin Kawu Sani ya koma hura iska mai ɗumi. Asibiti za mu kai Kaka a Funtua, ga shi zafi na sarƙe masa numfashi.

Kawu ya kashe, ya kunna, ya latsa ko'ina. A banza.

Kaka ya dube ni. "Amarya, zamanin da nake jigilar auduga a akori-kura, rawani muke jiƙawa mu rataya a taga."

Kullum tsokanarsa kunya take ba ni. Na jiƙa ɗankwalina na riƙe a bakin iskar.

Can ya lumshe ido. "Sani, mayar musu da motarsu. Matata ta fi ta sanyi."

Har muka isa bai yi tari ba. Ku sa mana shi a addu'a. Ku fa, wace dabara kakanninku suka koya muku?