Ƙwan da ke ƙyalli

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce fushi na yi, wasu sun ce waya ce ta lalace. Ba ko ɗaya. Kwance nake, kuma saura ƙiris a kai ni inda ba a dawowa.

Ku karanta har ƙarshe, musamman ku iyaye mata. Ban rubuta don a ce mini sannu ba.

Kun san yadda bana take. Damina ta ƙi, rijiyoyin Dabaga sun ja baya, dusa ta yi tsada, kajin gida sun daina ƙwai. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, kaya suka ragu. Ƙwan da ke kasuwa daga kudu yake zuwa cikin kamiyo, babbar motar kaya, yana tsayawa a kowane shingen bincike rana na dukansa.

Ƴata Mariama ta zo gida goyon ciki, cikinta na fari. Wajen awo aka ce jininta bai isa ba. Uwar mijinta kuma ta aiko cewa kada a ba ta ƙwai, wai jaririn zai tashi ɓarawo. Na ce a gaya mata ni na yi kolej, ba a kawo mini camfi gidana.

Na koma ga abin da uwata ta yi mana: a fasa ɗanyen ƙwai cikin madara, a kaɗa, a shanye kafin karin kumallo. Kofi ɗaya nata, ɗaya nawa, don ta ga ba guba nake ba ta ba. Takan shiga ɗaki da nata, ta fito da kofi wayam.

Wajen saye ban yi sakaci ba. Na wuce tsohuwar da ƙwanta ke da kashin kaji a jiki, na ce ƙazanta. Na je wurin mai teburin da nasa ke ƙyalli kamar an shafa mai. Ban ɗauki mai tsaga ba. A gida na zuba su a ruwa, duk suka nutse. Na sa a firigo don su yi sanyi, ga shi rabin yini babu kuran, wato wutar lantarki.

Akwai bokiti a ƙarƙashin teburin nan, ruwan ya yi baƙi, da tsumma a ciki. Na gani. Har na yaba masa tsabta.

Da murɗar ciki abin ya fara. Sai zazzaɓi, sai amai, sai gudawar da ba ta tsayawa. Na ce zafi ne, na sha jiƙo. Maigida ya tarar da ni yashe a bakin bayi, ko kai ban iya ɗagawa.

A asibiti an nemi jijiya a hannu an rasa, sai a ƙafa aka sa ruwa. Aka ɗebi jini, aka karɓi bayan gida, aka ce ba masassarar sauro ba ce. Maganin da aka rubuta, maigida ya zaga farmasin gari kafin ya samu, kuma ragon da muka ajiye don suna shi ya biya.

Sannan fitsari ya ɗauke. Infirmiye, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta tambaya, in ce babu, ta rubuta ta wuce. Likita ya ce ƙoda ta fara gajiya, in fitsarin bai dawo ba sai a kai ni Yamai. Kuma duk mun san nisan hanyar.

Matar da ke gadon kusa da ni, wata safiya na ga ana naɗe katifarta.

Da likita ya ji zancen madara da ƙwai, sai ya ce, "Madam, ɓawon ƙwai yana da ƙofofin da ido ba ya gani. Kaza na sako shi a rufe. In an wanke da ruwa mai datti, an buɗe ƙofa an tura ƙazanta ciki, zafi ya ƙarasa aikin." Na ce ai sun nutse. Ya ce nutsewa tsufan ƙwai take aunawa, ba cutar da ke ciki ba.

Sai ya ce, "Wa kuma ya sha?"

Nan na manta da ƙodata. Na ce ƴata, kuma cikinta ya tsufa. Ya ajiye biro, ya ce a je a kawo ta yanzu.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ƙofa ba. Ni da hannuna na kaɗa, ni na matsa mata ta sha.

Ta shigo da ƙafarta. Ina duban leɓenta, ina duban idonta. Likita ya tambaye ta yaushe ta sha na ƙarshe, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa sha ba. Ta taga nake zubarwa, gindin dogon yaro."

Ashe tsoron uwar mijinta ya fi tsorona. Na buɗe baki in yi faɗa, kuka ya fito.

Daga baya fitsari ya dawo, kaɗan-kaɗan. Na fito ina dafa bango. Mariama ta sauka lafiya, namiji, ƙanen maigida ya kawo rago ramamme kamar ni. Godiya ga Allah, da ma'aikatan da suka kwashe ƙazantata ba su yamutsa fuska ba, da ku da kuka yi addu'a.

To ku ji. Kada ku sayi ƙwai don ƙyallinsa. Ku leƙa ƙarƙashin tebur. Ku tambayi daga ina ya zo, na kusa ya fi. Mai tsaga, ko kyauta ne, a bar shi. In da datti a jiki, a goge da busasshen tsumma, wanki sai lokacin dafawa. Ɗanye kuwa, ko uwarki ce ta miƙo miki, ki ce a dafa har gwaiduwa ta yi tauri. Gudawa da zazzaɓi in sun haɗu, a tafi asibiti, a bar jiƙo.

Uwar mijin Mariama tana yawo tana cewa maganarta ta fito. Ba ta fito ba. Likita ya ce mai ciki da mai jego su ci ƙwai, dafaffe. Yanzu a gabana Mariama take cin nata, ba a ɗaki ba.

Ƙarya har gobe haramun ce a gidana. Amma dogon yaron nan, duk tsadar ruwa, ni nake ba shi da hannuna.