Sallama Uku a Bayan Mahaifina

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, aka tura mu koyon aiki a babban dam na kogin Kwara. A can na fara ganin injunan da ruwa ke juya farfelarsu, babu hayaƙi babu gas, guda ɗaya yana ba garuruwa da yawa wuta. Na dawo Kazaure kaina ya kumbura, kai ka ce ni na ƙera su.

Mahaifina kuwa shi ke kula da tsohon injin wutar garin tun kafin in shiga makaranta, injin da ake jin ruguginsa daga bakin kasuwa. Layin dam yana isowa za a kashe shi, aikin Baba ya tafi ke nan. Don haka na yi ta safa da marwa har na samo masa gurbi a sabuwar tashar rarraba wuta. Aikin ba wuya: ka zauna kusa da tarho, in an kira daga Kano ka ɗauki umarni, ka buɗe layi ko ka rufe.

Na zauna gabansa na zazzage masa bayani, har da zane a ƙasa. Yana kallon bakina yana cewa madalla. Da na gama ya ce ya gode, amma ba zai karɓa ba, gona zai koma a Roni.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami mahaifiyata a madafa na ce girman kai ne kawai, ba ya son a ce ɗansa ne ya sama masa aiki. Ta bar ni na gama, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Yana zaure yana gyaran fartanya," in ji ta. "Je ka tsaya a bayansa ka yi masa sallama."

Na je na yi. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. A karo na uku sai da maƙwabcinmu ya amsa daga ƙetaren katanga. Baba kuwa, mutumin da ko yana cikin fushi bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, ga shi yana ta buga ƙota abinsa. Ashe injin ya daɗe da cinye masa kunne. A ɗakin injin kowa da hannu yake magana, shi ya sa ba wanda ya gane, lafiyar injin kuma da tafin hannu Baba yake jin ta. Ya san in ya zauna gaban tarho ya kuskure umarni ɗaya, zai iya sakin wuta a layin da wani ke kai yana aiki.

Na zagayo gabansa na durƙusa. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Injiniya, yanzu ka shigo?"

"Yanzu na shigo, Baba."

Ya koma gona, ya yi noman gero da gyaɗa har Allah Ya karɓi abinsa, ba mu taɓa tada zancen ba. Ni dai daga ranar na daina saurin fassara "a'a" ɗin mutum. Har yau ina jin kunyar kalmar da na faɗa a madafa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san bai ji ta ba, ban kuwa sami ƙarfin halin maimaita ta a gabansa don in nemi gafara ba.