Shekara Tara Babu Ɗanlami Mai Salansa

Yau shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda direbobin unguwar Laranto a nan Jos suka sani da Ɗanlami Mai Salansa. Ni ce yayarsa, ni na goya shi. Da so na yi in yi masa addu'a in ja bakina, amma tunda dangi sun cika gari da cewa na shiga hakkin ɗansa, gara ku ji daga gare ni.

Ni ba mai yawo ba ce. Ɗakina a Kwararafa yana bakin titi, duk abin da na sani game da mota ta taga na ji shi, sai kuma a bakin Ɗanlami. Kullum bayan azahar zai zo cin abinci, hannu duk baƙin mai, ya zauna yana yi mini karatu. Wai injin numfashi yake yi kamar ni da shi: ya shaƙi iska ta gaba, ya haɗa da mai ya ƙona, ya fitar da hayaƙi ta salansa. In hanyar shiga ta matse, ko ta fita ta toshe, ƙarfi ya ragu. Ya ce mu nan Jos a sama muke, iskarmu ba ta da kauri, shi ya sa motar da ke tsalle a Lafiya in ta kama Hawan Kibo sai ta fara haki.

Kada wani ya ce gyara yake ƙi. Shi ne ma gwanin buɗa wa mota hanya. Sai dai in zai faɗaɗa bututun hayaƙi da awo yake yi, ya duba wajen shigar iska ya daidaita su, ya sake saita kafireta. Yakan ce in ka wangale baya da yawa, mota ta rasa ƙarfin ja tun daga ƙasa. In kuma ka cire filta don ta sha iska, yashi za ta sha.

Sannan ba ya miƙa makulli sai ya gwada. Akwai wani hawa a bayan gari, wajen tsoffin ramukan kuza, da wani dutse a gefen hanya dab da ƙarshensa. Zai loda mota ya hau kafin gyara, ya sake hawa bayan gyara. In ta wuce dutsen a giya uku ba ta nemi canji ba, aiki ya yi. In ta gaza, ya koma ya kwance komai, ko mai motar na ta kumfar baki. Ranar da bai samu lodi ba, sai in ji hon a ƙofa.

"Yaya, fito ki cika mana lodi. Ke kaɗai buhun dankali biyu ce."

"Allah Ya shirye ka, mara kunya," nake cewa, ina laluben mayafi.

A kujerar baya na koyi bambanta injin da ke ja da wanda ke ihu kawai.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa Habibu ya riƙe garejin, allon sunan uban na nan a sama. Na yi murna ƙwarai. Sai bara na fara jin wasu motoci suna wuce tagata da ƙara kamar injin niƙa, amma kafin su kai kwanar titi ka ji sun shaƙe. Na tambayi maƙwabcinmu Oga Emeka mai sayar da kayan mota. Ya ce, "Mama, ai aikin gareji na Ɗanlami ne. Yanzu duka yara can yake zuwa." Ashe sunan ƙanena ne a kan wannan hayaniya.

Na hau keke mai ƙafa uku sai Laranto. Na tarar Habibu ya fasa tukunyar salansar wata mota ya kwashe cikinta, ya liƙa mata bututu ƙato, ya jefar da filta ya ɗaura wata raga.

"Gwaggo, zamani ya canza," ya ce. "Abin da kwastoma ke so ke nan. Suna jin ƙarfin a jikinsu."

"A kunnensu dai. Ka kai ta hawa?"

"Wa ke da wannan lokacin yanzu?"

"Ni. Buɗe mini ƙofar baya."

Muka tafi, Habibu na tuƙi, mai motar a gefensa sai murmushi yake. Tun daga gindin hawa ta cika wurin da ihu, awaki na tserewa. Ni ko na rufe ido. Kafin rabi na ji muryarta ta yi nauyi, na ce, "Habibu, sa giya biyu, kar ka wahalar da baiwar Allah." Ya yi kamar bai ji ba, har ta fara karkarwa. Dole ya sa. Dutsen na can gaba, ko kusa ba mu yi ba.

Da muka dawo na ce ya zaɓa: ko ya riƙa gwada aikinsa kamar ubansa, ko ya sauke allon. Ya ce in ya tsaya gwaji, mutanensa za su koma garejin gaba. Na san ba ƙarya ya yi ba, yana da mata da 'ya'ya. Na ce to, ci gaba da sana'arka, amma da sunanka. Na sa aka kwance allon, na rungumo shi a keke har gida.

Nakan tambayi kaina me Ɗanlami zai ce da motocin yau, masu kwamfuta, waɗanda ko kafireta ba su da ita. Na san halinsa. Zai yi ta gunaguni, sannan ya tsuguna ya koya. Amma ba zai taɓa sayar wa mutum ƙara ya ce masa ƙarfi ne ba.

Bai bar gida na kirki ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne, in direba ya ce "Ɗanlami ne ya yi," ba a ƙara tambaya. Wannan ba a raba shi ranar rabon gado ba, kuma ba zan zauna ina ji ta taga ana cinye shi ba. Sau biyu dangi suna turo mini manya. Na dafa musu shayi, na ba su amsa ɗaya.

Habibu ɗana ne, ba na gaba da shi. Ranar da ya koma gwada aikinsa, ni zan riƙe masa tsani ya mayar da allon. Kafin nan, ko Jos gaba ɗaya za ta taru a tsakar gidana, allon yana bayan gadona.

Allah Ya jiƙan ka, ƙanena, Ya yalwata maka makwanci.