Fantimotin Hasaini

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba labarin wani ba ne. Lokacin ina tuƙin tasi a tashar jirgin ƙasa ta Greenbelt, takarduna na izinin zama a ƙasar Turawan ba su kammala ba, kuma shekarun ne da in aka ga Musulmi da jakar da ba tasa ba, to sai Allah.

Da rana tsaka wani dattijo mai farar riga ya zo jikin motata ya yi sallama da Hausa tsantsa, ya ce, "Ɗana, kai mini fantimotin nan garin Lanham, ina tafe."

Fantimoti fa. Rabon da in ji kalmar nan tun bakin kakana, kowa akwati yake cewa. Nan take na zarge shi, na ce a raina ko ƙwaya ce ciki, ko an turo shi ne a gwada ni. Na ce, "Baba, yi haƙuri, ba na ɗaukar kaya ba mai su."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai naka ne, Hasaini. Rabi naka, rabi nasa."

Mu tagwaye ne, kuma mahaifiyarmu in ta ƙosa da kiran Hassan da Usaini sai ta haɗe mu a suna ɗaya, Hasaini. Tun da ɗan'uwana ya rasu muna shekara tara ba ta sake furta shi ba, ko matata ba ta san shi ba. Na ja mota na gudu, ban waiga ba.

Ina isa gida na buɗe but ɗin bayan mota, ga fantimoti a zaune. Ɓangare biyu gare shi. Na farko rigar makarantar Hassan ce, har da facin da Inna ta yi a aljihu. Na biyun an ɗaure shi da maɗauri, kuma na bar shi a ɗaure.

Bayan shekaru 'yata tana aikin makaranta ta ce mini kalmar Turancin da muka mayar fantimoti ma'ana biyu gare ta: akwati mai ɓangare biyu, da kuma kalmomi biyu da aka haɗe suka zama ɗaya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Takarduna sun fito, ba wanda ya taɓa tambayata zancen kayan. Fantimoti yana nan a ɗakin ajiya, kuma har yau tsoron rabin nawa nake ji. Ku dai in baƙo ya kira ku da sunan da uwarku kaɗai ta sani, ku tsaya ku tambaye shi wa ya aiko shi. Ni ban tambaya ba.