Linzamin Bashiru

Da kakar 1991, 'yan watanni bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, ina zaune a kan rumfar koron tsuntsu a fadamar Ambursa, igiya a hannuna. Shekarata tara. Shinkafa ta nuna, tsuntsayen jan-baki sun sa mu gaba, don haka aka ja igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, aka rataya mata gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. In ka fizge ta, har cikin haƙora kake jin ƙarar. Ran nan Saratu, matar yayana Umaru, ta kawo mini fura, ta sauke ɗanta Bashiru daidai ƙarƙashin gwangwanayen. Tsuntsaye suka sauko, na fizgi igiya iya ƙarfina. Saratu ta zabura har fura ta zube, amma Bashiru yana ta tonon ƙasa da tsinke, ko ƙifta ido bai yi ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Sake ja." Na sake. Ta saɓi ɗanta ta goya, ta kama hanyar gida.

Lokacin Bashiru ya doshi shekara uku, kuma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. Zama da rarrafe da tafiya duk ya yi su a kan kari, bakin ne kawai ya ƙi buɗewa. Ni ce mai rainonsa. Da shi a bayana nake zuwa ɗibar ruwa, da shi nake 'yar carafke a ƙofar gida, in ina surfe ya dafa turmi da hannu biyu yana dariya. Na ɗauka wasan yake so, ban san motsin turmin yake ji a tafinsa ba. 'Yar maƙwabtanmu da aka yi sunansu mako ɗaya kuwa har kaji take zagi, duk sanda ta shigo tana zuba sai Saratu ta tashi ta shige ɗaki.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne Bashiru ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta kuma nuna ta damu da shi. Saratu "yaron ga" take cewa. Damuwar sai ta koma cikinta tana cin ta, ta rame har zanenta ya riƙa kwancewa. Sau da yawa nakan iske ta bayan rumbu ta durƙusa a gabansa tana maimaita masa "Baba, Baba," da ta gan ni sai ta wayance da share masa majina. Tausayinta nake ji ƙwarai, ko da yake a lokacin ban san me zan yi da tausayin ba.

Inna, mahaifiyarmu, ta yi iya nata. An sha rubutu, an yi sadakar waina, daga baya ta yanke cewa linzami ne ya ɗaure masa harshe, sai wanzami ya yanke 'yar tsokar da ke ƙarƙashinsa. Saratu ba ta da bakin musa wa surukarta a kan ɗan fari, sai ta tura ni in ba Inna labarin gwangwanaye. Inna ta ce, "Miskilanci na, kakanai ya gado. Halshenai a ɗaure shike, in an yanke za ki gaji da surutunai." Yaya Umaru ma da aka gaya masa cewa ya yi manya sun fi mu sani.

Wanzamin daga Gulma ya zo da sassafe, da zabirarsa a kafaɗa. Saratu tana ɗaki, don ba a son uwa a wurin. Inna ta matse Bashiru tsakanin gwiwoyinta, ni aka ba ni ƙwarya in tara. Ban taɓa ganin jini mai yawa haka daga baki ƙarami ba. Kafin mako ya zagayo bakin ya kumbura, ko kunu ba ya wucewa, jikinsa ya yi zafi rau. Sai a lokacin Yaya Umaru ya ɗauke su a babur zuwa asibiti a Birnin Kebbi. A can wata ma'aikaciya ta tambaya ko ya taɓa yin baƙon dauro. Ya yi, tun yana goye, har kunnuwansa suka daɗe suna zubar da ruwa, Inna tana ɗiga masa man shanu. Matar ta tafa hannu a bayan kansa, bai juya ba. Ashe duk wannan lokaci an bar jaki ana dukan taiki.

Ranar da aka sallamo su, Saratu ta zaunar da shi a tsakar gida, ta koma bayansa ta tsaya, ga Inna, ga Baba mahaifinmu a kan buzunsa. Ta buɗe murya ta ce, "Bashiru." Ta sake kira, ta kuma sakewa, tana ƙara ƙarfi har muryarta ta dushe, shi kuwa yana kallon 'yan tsaki. Ba wanda ya tsawata mata. Inna ta ja gyale ta rufe fuskarta.

Yanzu a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi nake zaune, ina ganin 'yan matan zamani suna kiran 'ya'yansu na fari da suna tun daga bakin titi, yaro in ya makara da magana a ruga da shi asibiti a duba kunne. Wasu tsofaffi na kiran wannan rashin kunya, ni kam ban taɓa iya cewa haka ba. Bashiru ya girma, yana noman shinkafarsa, 'ya'yansa masu surutu ne kamar kanari. Saratu ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta, kuma daga waccan rana ba ta sake ɓoye sunansa ba. Har aka kai ta makwancinta bai san yadda muryarta take ba.